Word ko LibreOffice, da haƙƙin ɗan wasa mai nakasa: tambayoyin da kuke ta yi mana a Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne ke riƙe da takardun wata 'yar ƙungiyar 'yan wasa masu nakasa a nan Jos, akwai masu ɗaga ƙarfe, akwai masu ƙwallon guragu, da makafi masu gudu, da kurame kaɗan. Shan inna ce ta kama ni tun ina ƙarami, da keke nake yawo. Kusan duk sati sai wani ya tare ni a filin Rwang Pam ko ya kira ni a waya da tambayoyin nan dai, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Wasu na kwamfuta ne wasu na haƙƙi, kuma da gangan na cakuɗa su.

1. Malam Sakatare, wai me ya haɗa manhajar ofis da kare haƙƙin nakasassu a wasanni?

Takarda ce ta haɗa su. Kafin ɗan wasa ya kwanta a benci ya ɗaga ƙarfe a wata ƙasa, sai an cike fom ɗin likita, an yi mai rajista, an rubuta wasiƙar neman biza, an tura sunansa cikin jadawali, in kuma aka zalunce shi to da takarda zai kai kuka. Duk wannan a Word da Excel da PDF ake yi. To idan sanarwar zaɓen 'yan wasa ta zo a hoton da aka ɗauka da waya aka jefa a WhatsApp, makahon da ke cikinmu fa an riga an cire shi tun ba a fara ba, don wayarsa ba za ta karanta mai yadda ya kamata ba, sai ya jira ɗansa ya dawo daga makaranta, kafin nan an rufe karɓar suna. Wannan ya faru da mutum biyu a cikinmu, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne daga ofishin da ke cewa yana yi wa nakasassu aiki takardar ta fito.

2. Mene ne bambancin Paralympics da gasar kurame da Special Olympics? Mu duk ɗaya muka ɗauka.

Ba ɗaya ba ne, gida uku ne daban. Paralympics ta samo asali daga wasan da likita Ludwig Guttmann ya shirya wa sojojin da suka ji rauni a laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1948, aka yi gasar farko a birnin Rum a 1960, kwamitin da ke kula da ita kuma, wato IPC, an kafa shi a 1989 kuma hedikwatarsa na Bonn a Jamus. Tana ɗaukar masu nakasar gaɓoɓi da masu larurar gani da masu larurar fahimta. Kurumta ita kaɗai ba ta ciki, kurame suna da tasu Deaflympics wadda ma ta girme ta, tun 1924 aka fara a Paris. Special Olympics kuma ta masu larurar fahimta ce, an fara ta a Chicago a 1968. Sanin wannan na da amfani, don in ka aika koke gidan da ba naka ba shiru za ka ji.

3. Da gaske ne 'yan wasanmu sun fi masu lafiyar jiki kawo lambobin yabo?

A 'yan shekarun nan kam haka ne. Najeriya ta fara zuwa Paralympics a Barcelona 1992. A Rio 2016 an samu lambobi 12, zinare 8 a ciki. A Tokyo an samu 10, zinare 4. A Paris 2024 an samu 7: zinare 2, azurfa 3, tagulla 2, alhali tawagar Olympics ta dawo hannu rabbana a shekarar. Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo ne suka ci zinaren a ɗaga ƙarfe, Folashade ta ɗaga kilo 167 ta kafa tarihin duniya, Mariam Eniola Bolaji kuma ta ci tagulla a badminton, ita ce ta farko daga Afirka da ta taɓa samun lamba a wasan a wannan mataki.

Ina kawo waɗannan alƙaluma ne don ku sa su a wasiƙunku. In ka je neman tallafi ko alawus ɗinka ba bara ka je ba, kuma ka rubuta kamar wanda ya san haka. Yadda ake tsara wasiƙar na tambaya ta 12.

4. To wace manhaja za mu sa a laftof ɗin ƙungiya?

Ra'ayina ke nan, ba wahayi ba ne. In akwai makaho cikin shugabanninku, ko kuna yawan cike fom da ke zuwa daga waje, Microsoft Word da Excel sun fi sauƙin sha'ani, don yawancin fom ɗin da su aka ƙirƙira, kuma makafinmu duk sun ce manhajar da ke karanta musu allo da murya ta fi tafiya lafiya da Word. Matsalarsa kuɗi ne.

LibreOffice kyauta ne halak malak, tun 2010 wata gidauniya da ke Jamus ke kula da shi, ba ya buƙatar data bayan ka sauke shi, kuma yana buɗe fayil ɗin Word da Excel. Don wasiƙa da bayanin taro da lissafin kuɗin shiga ya wadatar ƙwarai, ni da shi nake yawancin aikina. Sai dai ku tuna ku adana da .docx ko .xlsx kafin ku tura wa wani, in ba haka ba, zai fita da .odt mutumin ya kira ya ce ya ƙi buɗewa. Wani lokaci kuma fom mai akwatuna da yawa yakan ɗan karkace, sai ka duba da kyau.

Google Docs ya yi kyau in mutum uku ko huɗu za su gyara takarda ɗaya, wani na Bukuru wani na Abuja, kuma ana ba da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, ko laftof ta mutu takardunku na nan. Amma yana son intanet, ga data ta yi tsada ga NEPA yadda kuka sani. WPS shi ne a wayoyin yawancinmu, ba laifi don karanta takarda a mota, amma na kyautan akwai talla mai damun makaho, ni dai ba na ba da shawarar a cike fom mai muhimmanci da shi a waya.

5. A kasuwa ana sa mana Office da 'yan kuɗi kaɗan, mene ne laifin wannan?

Na sata ne, wanda aka fasa. Banda haƙƙin mai shi, yakan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, ku kuma a laftof ɗin nan akwai hoton fasfo da rahoton likita na mutane (a duba tambaya ta 10). Sannan ku sani tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da 2019 da gyaran tsaro na yau da kullum. In babu kuɗin na gaskiya a sa LibreOffice kawai a huta.

6. Yaya makaho ke aiki da kwamfuta ma tukuna?

Da kunne da yatsu. Akwai manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya. NVDA kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka ƙirƙiro ta, Michael Curran da James Teh, tun 2006 ake da ita. JAWS ta kuɗi ce. A waya akwai TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, duk suna ciki tun daga kamfani. Ma'ajinmu makaho ne, a makarantar makafi ta Gindiri ya yi karatu, kuma wallahi ya fi ni saurin gano kuskure a lissafi, ba ya taɓa linzamin kwamfuta, wato maus, sai maɓallai. In za a yi amfani da Google Docs sai an kunna masa tallafin manhajar karatu, a Windows ana danna Ctrl da Alt da Z tare.

7. Ni mai gani ce, ya zan rubuta takardar da za ta karantu a wurinsu?

Hajiya wannan tambayar ta fi kowace daɗi a wurina. Abu na farko kanun magana. Yawancinmu in za mu sa kai sai mu ƙara wa rubutu girma mu yi mai kauri, a ido ya zama kai, amma a kunnen makaho layi ne kamar kowane. Ki yi amfani da salon da ake kira Heading 1 da Heading 2, a Word Ctrl da Alt da 1 ne, a LibreOffice Ctrl da 1. In kika yi haka, mai NVDA zai riƙa tsallakawa daga kai zuwa kai da harafi ɗaya, maimakon ya zauna ya saurari kundin shafi 40 daga fari don neman sakin layi ɗaya da ya shafe shi.

Na biyu hoto, ki danna dama a kansa ki nemi Alt Text ki rubuta abin da ke ciki a jimla ɗaya. Na uku kar ki dogara da launi, irin a ce waɗanda aka ja wa ja ba su ci zaɓe ba, a rubuta da kalmomi. Kar ki daidaita rubutu da danna sarari sau 20, kar ki sa rubutu ruwan toka a kan fari don akwai masu gani dishi-dishi da zabiya a cikinmu. In kin gama, a Word akwai Check Accessibility a ƙarƙashin Review, zai nuna miki inda kika bari.

Kurame kuma tasu buƙatar daban ce: gajerun jimloli a fili, kuma duk saƙon murya da aka tura a zauren WhatsApp a bi shi da rubutu, ko bidiyon maganar hannu in da hali.

8. Amma ai wasiƙar hukuma sai da sa hannu da hatimi, dole a yi sikanin, ko?

A yi, ba mu hana ba. Amma takardar da aka yi sikanin hoto ce ko da sunanta PDF. Gwajin mai sauƙi ne, ka buɗe ka gwada zaɓar kalma ɗaya da linzami, in ta ƙi zaɓuwa to hoto ne. Maganin shi ne a tura biyu tare, mai hatimin da kuma asalin fayil ɗin Word, ko PDF da aka fitar kai tsaye daga Word ko LibreOffice ba ta firinta ba. Akwai manhajojin da ke ciro rubutu daga hoto, amma suna yawan kuskure a sunaye da lambobi, ballantana takardar da aka ɗauka a karkace cikin duhu. Mu yanzu in ofishi ya turo mana hoto, mukan amsa cikin ladabi mu nemi a turo mai karantuwa, mu ambaci dokar da ke tambaya ta 11, kuma sau da yawa ana turowa don ba mugunta ba ce, rashin sani ne.

9. Excel na canza mana lambobi da kwanan wata, me ke jawo haka?

Wannan ta taɓa sa wata yarinyarmu kuka. An haife ta 4 ga Maris, aka rubuta 04/03, kwamfutar da aka yi aikin da ita tana kan tsarin Amurka mai fara wata kafin rana, sai ya koma 3 ga Afrilu, bai dace da fasfo ba, kafin a gyara lokacin rajista ya wuce, shekara guda tana atisaye cikin sanyin Jos tun asuba. Tun daga nan da kalma muke rubuta wata, kuma sai mutum biyu sun gwada jadawali da fasfo harafi bayan harafi kafin a tura.

Lambar waya ma Excel kan cinye sifirin farko, lamba mai tsawo fiye da 15 kuma sai ya mai da ƙarshenta sifiri. Kafin ka fara shigarwa ka zaɓi ginshiƙin ka mai da shi Text. Kar ku haɗe akwatuna don kwalliya, yana rikita manhajar makafi, layin farko ya zama kanun ginshiƙai kawai. In fom ɗin daga hukumar wasa ya zo kar a ƙara ginshiƙi kar a goge, a cike yadda yake.

10. Ana cewa mu tura rahoton likita a zauren WhatsApp don sauri, ya halatta?

A'a, kar ku yarda. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman. Ko ba doka ma, wa zai so mutum 100 su karanta yadda yake fitsari ko abin da ya sami lakarsa? A tura wa mutum ɗaya da aka ɗora wa aikin, a sa wa fayil kalmar sirri, Word da LibreOffice duk suna yi, a faɗi kalmar ta wata hanya daban. In a bizines senta aka buga, ka tsaya sai an goge a gabanka har daga kwandon shara.

11. Wace doka ce ta ba mu haƙƙi a wasanni?

Babbar ita ce yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006, Najeriya ta sa hannu a 2007 ta amince da ita a 2010. Sashe na 30 ya yi maganar wasanni kai tsaye, shiga wasa da samun filaye da horo daidai da kowa. Sashe na 9 da na 21 su ne na samun bayani ta sigar da mutum zai iya amfani da ita, nan ne maganar takardu ta shiga.

A gida akwai dokar haramta nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ita ta haifar da hukumar nakasassu ta ƙasa da ke Abuja, kuma abin alfaharinmu ne cewa James Lalu da ya fara riƙe ta da Ayuba Gufwan da aka naɗa a 2024 duk 'yan Filato ne. Jihar ma tana da nata hukumar kare haƙƙin nakasassu a nan Jos, ku fara da ita kafin ku kashe kuɗin mota zuwa Abuja.

12. An hana ni alawus, ko an cire sunana ba bayani. Ya zan rubuta koke?

Yaya, na san zafin, amma kar ka fara da Facebook. Shafi ɗaya ko biyu: sunanka da wasanka da rukuninka, me ya faru, wace rana, a ina, me aka yi alkawari, me kake nema a yi, zuwa yaushe. Ba zagi, ba zargin da ba ka da hujja a kai. Ka haɗa hujjoji da lamba, ka kai kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya, ka kuma tura ta imel don rana da lokaci su zauna. Tsani ake bi: ƙungiyar wasanka ta ƙasa, sai kwamitin Paralympics na Najeriya, sai hukumar wasanni ta ƙasa wadda ta maye gurbin ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024. In wariya ce akwai hukumomin tambaya ta 11 da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. In kuma so kake ka san nawa gwamnati ta ware, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

In ku da yawa ne abin ya shafa, ku buɗe jadawali ɗaya kowa ya sa kwanan wata da adadin da yake bi. Koken mutum 15 mai lissafi a tsare ya fi wuyar turewa gefe.

13. An sa ni rukunin da ya fi ƙarfina a tantancewa, zan iya ɗaukaka ƙara da kaina?

Tantancewa ita ce raba 'yan wasa gwargwadon yadda nakasa ke shafar wasan, misali a guje-guje T11 zuwa T13 na masu larurar gani ne, T11 su ne masu gudu da ɗan jagora ido a rufe. Ana tsanantawa ne saboda an taɓa cuta, a Sydney 2000 tawagar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a rukunin masu larurar fahimta, daga baya aka gano 10 cikin 12 lafiyarsu ƙalau, hakan ya sa aka rufe wa masu larurar na gaskiya ƙofa sai a Landan 2012.

A gasar duniya ɗan wasa ba ya shigar da ƙorafin rukuni da kansa, sai ta hannun ƙungiyarsa ta ƙasa ko kwamitin Paralympics na ƙasarsa, kuma lokacin gajere ne ƙwarai, don haka ka gaya wa jagoran tawaga nan take. Mafi yawan matsalar ma tun daga gida take, fom ɗin likita da ba a cike da kyau ba ko babu hoton ƙashi da sauran hujja. Ka riƙe naka kwafin a waya da a takarda, kuma kana da damar shiga ɗakin tantancewa da mutum ɗaya daga tawagarka, da tafinta in Turanci na ba ka wahala.

14. Shi IPC ɗin yana tsayawa kan haƙƙi da gaske?

Akwai inda ya tsaya. A Janairun 2019 ya ƙwace gasar ninƙaya ta duniya daga Maleshiya saboda ta ƙi ba da tabbacin barin 'yan wasan Isra'ila su shiga, aka mai da ita Landan. A 2021 bayan Taliban sun karɓi Kabul an fito da 'yan wasan Afganistan Zakia Khudadadi da Hossain Rasouli suka yi wasa a Tokyo, Zakia ce kuma ta ci wa tawagar 'yan gudun hijira lambarta ta farko a Paris 2024, tagulla a taikwando. A 2021 ɗin ne aka ƙaddamar da gangamin WeThe15, mai tuna wa duniya cewa kusan kashi 15 cikin 100 na mutane masu nakasa ne. A Amurka tun 2018 ladan lambar yabo ɗaya ne tsakanin 'yan Olympics da 'yan Paralympics, wannan misali ne da za ku iya kafa hujja da shi.

Inda nake ganin da saura shi ne tsada. Keken tsere da ƙafar roba ta gudu da kuɗin zuwa inda ake tantancewa sun fi ƙarfin yaron Gangare ko Unguwar Rogo, shi ya sa muka fi yawa a ɗaga ƙarfe da jifa inda kayan ba su kai haka tsada ba. Sannan ku sani dokokin IPC sun hana zanga-zanga a filin wasa da wurin ba da lamba, mai magana ya yi ta a gaban 'yan jarida ko ta majalisar 'yan wasa ta IPC.

15. Me ya sa ƙwallon guragu ba ta cikin Paralympics?

Wasan namu ne na gida, Misbahu Lawan Didi ne ya assasa shi a 1988, masu shan inna a kan katako mai taya suna buga ƙwallo da hannu. Kafin wasa ya shiga Paralympics sai yana da ƙungiyar duniya da IPC ya amince da ita, da rubutattun dokoki, da tsarin tantancewa, da hujjar cewa ƙasashe da yawa a nahiyoyi daban-daban na buga shi a kai a kai. Rabin wannan aikin takarda ne, don haka duk gasar da kuka yi ko ta unguwa ce ku rubuta rana da ƙungiyoyi da sakamako a jadawali ku adana.

16. Muna so mu fassara dokokin wasa da Hausa, ya za mu samu ƙ da ɗ da ɓ?

A waya ku ƙara Hausa a madannin Gboard. A Windows ku shiga saitin harshe ku ƙara madannin Hausa, ko ku kwafo haruffan sau ɗaya ku sa su a gyaran kai tsaye na Word ko LibreOffice. Ku zaɓi salon rubutu irin Arial ko Times New Roman da ke nuna su daidai, in ba haka ba akwatuna za su fito a wayar wani. Ku bar lambar kowane sashe yadda take a na Turancin don a iya gwadawa, ku rubuta a sama cewa in an samu saɓani na asalin ne hujja. Ga makafi da dattawanmu da ba su yi boko ba kuma, wani mai murya a fili ya karanta fassarar a naɗa, sashe-sashe, kowane kar ya wuce minti 5 don ya tura a WhatsApp ba tare da cin data ba.